Yadda Ake Kiwon Manyan Kifayen Ado a Tankin Gilashi

Ranar da ka ga ɗan kifin oska a wurin mai sayarwa, bai fi tsawon yatsanka ba, yana bin hannunka ta bayan gilashi kamar ya san ka. Abin da ba kasafai ake gaya wa mai saye ba shi ne, kafin shekara ta zagayo wannan ɗan mitsitsin zai wuce santimita 20, in ya gama girma ya kai 30 zuwa 35, kuma yana iya yin shekara 10 ko fiye a hannunka. Daga nan asara take farawa. An sayi tanki daidai da jariri, an manta cewa babba yana tafe.

Akwai wata magana da ake yawan yi, wai kifi daidai girman tankinsa yake girma. Wannan ƙaramin sani ne. Gaskiya ne kifin da aka matse a ƙaramin wuri girmansa yakan tsaya, amma ba don ya daidaita da wurin ba, tsumburewa ya yi saboda dattin ruwa da wahala. Irin wannan kifi bayansa yakan lanƙwashe, cuta ba ta rabuwa da shi, kuma ba ya kai shekarun da 'yan'uwansa suke kaiwa.

Mataki na farko: ka san kifin kafin ka sayi komai

Tambaya ɗaya ce za ka fara nema wa amsa: idan wannan kifi ya gama girma, tsawonsa nawa? Kada ka tsaya ga sunan kasuwa, domin suna ɗaya yakan hau kan kifaye daban-daban. Ka nemi sunansa na kimiyya. Oska, misali, shi ne Astronotus ocellatus, ɗan asalin kogunan yankin Amazon a Kudancin Amurka, kuma dangin karfasa ne. Fileko, mai manne bakinsa a gilashi, wanda ake sayarwa da sunan mai share tanki, yana kaiwa santimita 30 zuwa 50, kuma kashin da yake zubarwa ya fi dattin da yake sharewa yawa. Arowana mai ruwan azurfa yana kaiwa santimita 90, ga shi gwanin tsalle.

Akwai kuma waɗanda a ganina bai kamata su shiga ɗakin kowa ba. Tarwaɗar nan mai jar wutsiya ta Amazon tana wuce mita guda. Haka fangasiyas na kogin Mekong a Asiya, wanda ake sayarwa yana ƙarami da sunan shak, shi ma yana wuce mita, ga firgita, da an yi motsi sai ya kai wa gilashi karo. Faku yana wuce santimita 60, ga kauri kamar faifai. Waɗannan kifayen kududdufi ne ko manyan gidajen nuna kifi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na biyu: lissafin tanki

Ma'aunin da nake bi mai sauƙi ne. Tsawon tanki kada ya gaza ninki huɗu na tsawon kifin idan ya girma, faɗinsa daga gaba zuwa baya kuma kada ya gaza ninki ɗaya da rabi, don kifin ya iya juyawa ba tare da ya lanƙwasa jikinsa ba. Mutane sun fi manta wannan faɗin. Sai ka ga tanki dogo siriri, kifi ya kai ƙarshe ya rasa yadda zai juyo.

Don sanin yawan ruwan da tanki yake ci, ka auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne lita. Tanki mai 120 da 50 da 50 yana cin lita 300, kuma shi ne mafi ƙanƙantar abin da zan ba oska guda ɗaya, shi kaɗai. Idan biyu ne, ko oska da fileko, sai a koma 150 da 60 da 60, lita 540, ko 180 da 60 da 60, lita 648. Arowana kuwa, ko an yi sassauci ana maganar tsawon santimita 240 da faɗin 90 da zurfin 75, wato sama da lita 1,600. Ka kuma tuna ruwan da zai shiga na gaskiya bai kai abin da lissafi ya ba ka ba, saboda kaurin gilashi da tsakuwa da ratar da ake bari a sama sun cinye wani kaso.

Idan tankuna biyu suna cin lita ɗaya, ɗauki mai tsawo da faɗi, ka bar mai zurfi. Ta saman ruwa iskar oksijin take shiga, don haka gwargwadon faɗin saman, gwargwadon iskar da kifi zai samu. Ga kuma sauƙin wanki: tankin da hannunka ba ya kaiwa ƙasansa, ƙiwa ce za ta riƙa hana ka share shi.

Wani zai ce bari in fara da ƙarami, in ya girma sai in canza. Ana iya yi, amma oska ba ya jiran aljihunka. Idan babban tankin bai samu ba yanzu, ka sayi kifin da zai dace da wanda kake da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Mataki na uku: wurin ajiyewa

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 540, idan aka haɗa da gilashinsa da tsakuwa da mazauninsa, yana kai kilo 700, nauyin manyan mutane kusan goma a kan ɗan fili. Teburin falo ba zai ɗauka ba. Ana bukatar mazauni na ƙarfe ko na katako mai ƙwari da aka yi don wannan aiki, a ajiye shi kusa da bango, musamman in a bene ne. Ka sa lebur irin na magina ka duba ta tsawo da ta faɗi, domin tankin da ya karkata nauyin ruwa yana taruwa a kusurwa guda, a hankali haɗin ya buɗe. Idan tankin zallan gilashi ne marar firam a ƙasa, ka shimfiɗa masa siririn soso a ƙarƙashi, kada ƙwayar tsakuwa ɗaya ta tsaga shi.

Tanki mai zurfin santimita 60 da tsawon mita ɗaya da rabi, gilashi mai kaurin milimita 12 ake yi masa, tare da sandunan gilashi da ke riƙe samansa. In haɗa maka za a yi, silikon ɗin, wato gam ɗin da ake manne gilasan da shi, ya zama wanda aka yi don tankin kifi. Na banɗaki yana da maganin hana fumfuna, kuma guba ne ga kifi. Ka nisanta tankin da taga mai rana, don gudun gansakuka da zafin ruwa. Ka cika shi da ruwa ka bar shi kwana biyu ka ga ko yana yoyo. Murfi dole ne, mai nauyi kuma, domin arowana yana iya ture marar nauyi ya faɗo ƙasa cikin dare.

Cikin tankin ba ya son tarkace. Siririn shimfiɗin yashi ko tsakuwa, santimita 2 zuwa 3, da itace ɗaya ko biyu da aka tanada don tanki, da duwatsu marasa kaifi waɗanda suka zauna daram a ƙasa. Oska yana tono, yana tumɓuke shuka, yana ture abin da bai yi masa ba. Duk abin da za ka sa, ka wanke shi da ruwa zalla. Sabulu ba ya kusantar tankin kifi, ko a bokiti ko a hannunka.

Mataki na huɗu: filta, hita da iska

Filta, wato na'urar tace ruwa, aiki biyu take yi. Na farko shi ne wanda ido yake gani, tace datti. Na biyu shi ne mai muhimmanci, zama gidan ƙwayoyin bakteriya masu cinye gubar da kifi yake fitarwa. Ga manyan kifaye, ka nemi wadda za ta juya ruwan tankin gaba ɗaya sau 5 zuwa 10 a awa guda. Tankin lita 300 ke nan yana son lita 1,500 zuwa 3,000 a awa. Lambar da aka rubuta a kwali ta filtar da babu komai a cikinta ce. Da ka cika ta da soso, ruwa kuma ya fara hawa tiyo, ƙarfin zai ragu sosai, saboda haka ka sayi wadda ta fi bukatarka. Ni na fi son filta biyu matsakaita a kan ƙatuwa guda: in ɗaya ta tsaya ɗaya na aiki, kuma ba a wanke su rana ɗaya.

Yawancin waɗannan kifaye na ƙasashen zafi ne, suna son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28. Inda ɗaki yake sanyi, hita ake sawa, wato na'urar ɗumama ruwa, kimanin wat ɗaya ga kowace lita, a sa mata kariya don babban kifi yana iya fasa ta ko ya jingina da ita ya ƙone. Inda zafi ne matsalar, ka san cewa ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi: a digiri 25 lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 8.3, a digiri 30 kuwa kusan 7.5, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi bukata. Injin hura iska da fanka mai kaɗa saman ruwa suna taimakawa. Ma'aunin zafi dai kada ya rabu da tankin.

Mataki na biyar: a bar ruwa ya nuna

Nan ne ake bukatar haƙuri, kuma nan ne aka fi gaggawa. Ruwa ya yi garau, filta tana aiki, sai mutum ya ɗauka an gama. Kallon kitse ne ake yi wa rogo. Gubar da ke kashe kifi ba ta da launi.

Ga abin da yake faruwa. Kifi yana fitar da amoniya, yawancinta ta mashaƙarsa da ke gefen kai, ragowar abinci da kashi ma suna ruɓewa su ƙara. Amoniya tana ƙona mashaƙar kifi. Wasu bakteriya suna mayar da ita naitirayit, wanda shi ma guba ne, yana shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin, sai ka ga kifi yana haki a saman ruwa alhali iska ta wadata. Wasu bakteriyar kuma su mayar da naitirayit ya zama naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba sai ya taru. Sunayen nan biyu sun yi kama har suna rikita mutane, don haka ka riƙe alamarsu a jikin kwalbar gwaji: NO2 shi ne naitirayit, mugun, NO3 shi ne naitiret. Sabon tanki ba shi da waɗannan bakteriya da yawa, sai sun hayayyafa a cikin filta, abin da yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, wani lokaci har 8.

Hanyar da ta fi ita ce a yi wannan renon babu kifi a ciki. Ka cika tanki da ruwan da aka cire wa kilorin, wato maganin da ake sa wa ruwan famfo, ka kunna filta dare da rana, zafin ruwa ya tsaya wajen digiri 27. Ka zuba amoniya zalla, marar sabulu ko ƙamshi, har gwaji ya nuna miligiram 2 a lita. In babu ita, ka riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum ya ruɓe, sai dai wannan ya fi jinkiri da ƙazanta. Duk bayan kwana biyu ko uku ka gwada. Da farko amoniya ce kawai za ta nuna. Bayan mako ɗaya ko biyu za ta fara sauka, NO2 ya hau. Wannan zangon shi ya fi daɗewa, har mutum ya fara zaton abin ya tsaya. Ka ci gaba da ƙara amoniya kaɗan-kaɗan don kada bakteriyar farko su rasa abinci. Ranar da ka zuba miligiram 2 a lita, bayan awa 24 ka tarar amoniya sifili, NO2 sifili, NO3 kuma ya bayyana, to tanki ya nuna. Sai ka canza kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ruwan don rage NO3, sannan kifi ya shigo.

Ana iya gajarta jiran idan ka samu tsohon soso daga filtar wani tanki mai lafiya ka sa a naka yana jiƙe. Soson ake nema, tsohon ruwa ba ya ɗauke da bakteriya mai yawa, domin a jikin abubuwa suke manne. Idan ruwa ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara a makon farko, ka ƙyale shi, da kansa zai washe.

Kayan gwaji na ɗigawa a ƙaramar kwalba sun fi na 'yar takarda gaskiya. Kana bukatar na amoniya, NO2, NO3 da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Kwalbar gwajin NO3 sai an girgiza ta da ƙarfi yadda takardarta ta ce, in ba haka ba za ta nuna maka ƙasa da abin da ke akwai, ka yi ta murna a banza.

Ruwan da kake zubawa ma a gwada shi. Ruwan famfo yana da kilorin, wanda ke kashe kifi da bakteriyar filta. Kilorin yana fita idan ruwa ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe ana hura masa iska, amma wasu hukumomin ruwa kiloramin suke sawa, wani dangin kilorin, shi kuwa ajiya ba ta fitar da shi, sai maganin cire kilorin. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba shi da kilorin, amma yana iya zuwa da NO3 ko ƙarfe ko ƙarancin iska. Game da pH, tsakanin 6.5 da 7.5 ya yi wa yawancinsu, kuma tsayawarsa wuri guda ta fi lambar kanta muhimmanci. Mai bin pH da magunguna yau sama gobe ƙasa ya fi cutar da kifinsa a kan wanda ya bar shi a 7.8.

Mataki na shida: shigar da kifi

Kashe fitilar tanki. Ɗora ledar a kan ruwa minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita, sannan ka juye kifin da ruwansa a bokiti mai tsabta, ka riƙa ƙara ruwan tanki kaɗan-kaɗan na tsawon rabin awa. Kifin kaɗai za ka ɗauka ka saka, ruwan leda a zubar. Kada ka ba shi abinci ranar. Kada kuma ka zuba kifaye da yawa lokaci guda. Duk sabon da zai zo daga baya, ya yi mako 3 zuwa 4 a wani tanki na daban ana kallonsa kafin a haɗa shi da na gida. Doka ɗaya ta zaman tare: duk kifin da zai shiga bakin wani, ko ba daɗe ko ba jima zai shiga.

Mataki na bakwai: aikin kowane mako

Filta ba ta fitar da NO3, canjin ruwa ne yake fitar da shi. Abin da ake nema shi ne amoniya sifili, NO2 sifili, NO3 ƙasa da miligiram 40 a lita, in ya sauka ƙasa da 20 ya fi. Ga manyan kifaye, kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan ake canzawa duk mako, amma gwaji ne zai faɗa maka naka adadin. Ga lissafin. A ce kifayenka suna ƙara miligiram 20 na NO3 a kowace lita duk mako, ruwan da kake zubawa kuma ba shi da ko kaɗan. In rabi kake canzawa, tankin zai riƙa kaiwa 40 kafin ranar canji, ya dawo 20 bayanta. In kashi ɗaya cikin huɗu kake canzawa, zai yi ta hawa mako bayan mako sai ya kai 80 sannan ya tsaya. Kana aiki duk mako, amma ruwan ya ninka iyaka. Shi ya sa tanki babba yake da sauƙi a kan ƙarami: datti ɗaya ne, amma ya narke cikin ruwa mai yawa. Cike gurbin ruwan da ya ƙafe kuwa ba canji ba ne, ruwa ne kawai ya tashi ya bar dattin a ciki.

Yadda ake yi: cire hita daga wuta ka bar ta ta huce, domin in ruwa ya sauka ya bar ta a waje tana da zafi, fashewa za ta yi. Kashe filta. Sa tiyo ka zuƙe ruwan daga ƙasa kana bin tsakuwa da kusurwoyi da ƙarƙashin itace, inda kashi yake taruwa. Sabon ruwan ya zama an cire masa kilorin, zafinsa kada ya bambanta da na tanki fiye da digiri ɗaya ko biyu, a zuba shi a hankali. Ba a fitar da kifi, ba a juye tanki a wanke shi tas. Mai yin haka ya mayar da kansa ranar farko.

Filta kuma duk bayan mako 3 zuwa 4, ko da zarar ka ga ƙarfin ruwanta ya ragu. Ka matse soson a bokitin ruwan da ka zuƙo daga tanki, ba a ƙarƙashin famfo ba. Ba sai ya yi fari ba, toshewar kawai ake cirewa. In soso ya mutu, a canza rabi yau, rabi bayan wata guda.

Idan tanki ya yi watanni ba a taɓa shi ba, kada tausayi ya sa ka canza ruwan duka rana ɗaya. A irin wannan tanki pH yakan faɗi ƙasa sosai, kifin ya saba da shi a hankali. Sabon ruwa mai yawa zai ɗaga pH farat ɗaya, amoniyar da ke ciki kuma dafinta yana ƙaruwa idan pH ya hau. Ka riƙa canza kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kullum har gwajin tanki ya yi kusa da na sabon ruwa.

Abinci, da alamun matsala

Duk abin da ka zuba a tanki, a ruwa zai ƙare. Babban kifi sau ɗaya a rana ya ishe shi, abin da zai cinye cikin minti 2 zuwa 3, ƙanana kuma sau biyu ko uku. Rana ɗaya a mako ba abinci ba ta cutar da babba. Oska maroƙi ne, ko yanzu ya ci zai zo yana rawa a gaban gilashi, kada ka biye masa. Abincin kamfani mai ƙwaya-ƙwaya wanda aka yi don irinsa shi ne ginshiƙi, a riƙa surkawa da tana ko jatan lande. Naman dabba mai kitse ba na kifi ba ne, ƙananan kifaye masu rai kuma hanya ce ta shigo da cuta.

Ruwa ba ya tsami banza. Kifi ya ƙi abinci, ko ya tsuke fikafikansa, ko yana goga jiki da dutse, ko yana haki a sama, kafin ka nemi magani ka ɗauko kayan gwaji. In amoniya ko NO2 ya nuna ko kaɗan, canza rabin ruwa nan take, dakatar da abinci kwana biyu, ƙara iska, ka sake gwadawa gobe. Ƙananan ramuka da ke fitowa a kan oska, waɗanda ake kira ciwon ramin kai, suna tafiya ne da ruwa marar kyau da abinci marar inganci, kuma gyaran waɗannan biyun shi ne farkon jinya. Farin ɗigo kamar an barbaɗa gishiri a jiki kuwa ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa, tana da maganinta, a bi umarnin kwalba daidai, a kuma lura cewa dangin tarwaɗa ba sa jure wasu magunguna kamar sauran kifaye.

Idan wuta ta ɗauke, iska ce abin tsoro. Ka tanadi injin hura iska mai batir, in babu ka riƙa ɗibar ruwan tanki da kofi kana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci. Kada ka ba da abinci. Rufaffiyar filtar da ta yi awoyi a tsaye, bakteriyar cikinta suna shaƙewa, ruwan cikin ya lalace, don haka ka buɗe ta ka sa sosonta a cikin tanki kusa da kumfar iska, ka zubar da ruwan da ya kwanta a cikinta kafin ka sake kunnawa. Bayan wutar ta dawo, a gwada amoniya da NO2 kullum har mako guda.

In kuwa kifi ya fi ƙarfin tankinka duk da haka, ka nema masa mai babban wuri, ko ka tambayi wanda ya sayar maka ko zai karɓa. Kada ka kai shi kogi ko tafki. Ta irin wannan sakin da kuma tserewa daga gonakin kifi ne fileko ya bazu a ruwayen Fulorida da Teksas a Amurka, da Meziko da Filifin, inda yake haƙa ramuka a gaɓar kogi yana kuma matsa wa kifayen wurin. Ka fara cigiyar sabon gida tun kifin yana iya juyawa a tankin ba tare da wutsiyarsa ta taɓa gilashi ba, domin samun mai karɓar kifi mai rabin mita yana ɗaukar lokaci.